Shagon kwamfuta na bayan tashar Maigatari ya iya aikin haruffa

Duk malamin makarantar da ke tsakanin Gumel da Maigatari, in yana da aikin bugawa mai haruffan da ba na Turanci ba, ya nemi ɗan shagon nan na bayan tasha, kusa da masu cajin waya. Wani matashi ne ke riƙe da shi. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, sai ƙaramin janareto.

Ina koyar da 'yan aji shida a ƙauyenmu, kuma ya daɗe yana damuna yadda yaran suka ɗauka rubutu iri biyu ne kawai a duniya, boko da ajami. Sai na ƙuduri yin babbar takardar bango da za ta nuna musu rubutun da baƙar fata suka ƙirƙira da kansu. Wanda na fi so shi ne na mutanen Vai da ke Laberiya, wanda Momolu Duwalu Bukele ya samar wajajen 1833. Shi ba baƙi daban wasali daban ba ne: kowace alama gaɓa ce sukutum. "Ba" da alamarta, "bi" da tata, "bu" ma haka, shi ya sa alamomin suka haura 200.

Da muka buɗe aikin a kwamfutarsa, sai ga akwatuna fayau a jere inda haruffan ya kamata su fito. A wani shagon da tuni an ce mini in ɗauko hoto a manna. Shi kuwa cewa ya yi, "Malam, haruffan na nan, ba su ɓace ba. Kwamfutar ta san lambar kowanne, kamanninsa ne ba ta da shi."

Ya zaunar da ni ya nuna mini. A tsarin Unicode, wanda wayoyi da kwamfutoci ke bi, kowane harafi yana da lambarsa da ba ta canzawa. Ƙaramin ƙ ɗinmu mai lanƙwasa 409 ne. Rubutun Vai ya shiga a 2008 da alamomi 300, ta farko lambarta 42240. Lambar ce ke tafiya a saƙo, siffar kuma sai na'urar da ta karɓa tana da ita za ta zana. Nan take ya sauko da fayil ɗin siffofin haruffan, mai suna Noto Sans Vai, kyauta ne daga Google, akwatunan suka zama rubutu. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Haka ya yi wa rubutun Bamum na Sarki Njoya na Fumban a Kamaru. Adlam kuma, na Fulfulde, wanda Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙira a Gini a 1989, shi ya fara lura cewa daga dama yake farawa kamar ajami, ya gyara jerin. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don akwai yaran ruga a ajina, kuma a gaban wannan layin suka fi tsayawa.

A bayanin Hausar da ke ƙasan takardar bai mayar mini da ƙ zuwa k ko ɗ zuwa d ba ko a wuri ɗaya. Ya kuma ajiye aikin a PDF ya tura mini a waya, ya ce ko ina na kai shi haruffan ba za su wargaje ba.

Inda ya gaza: tawadar kalarsa ba ta jure rana, jan da ke gefen taga har ya fara kodewa. In babu wuta, kuɗin mai na kanka. Sabis ma ja yake yi, saukar da haruffan ya ci mana lokaci. Kada ka je ranar Alhamis, kasuwa na ci, masu fotokwafin katin shaida sun cika ƙofar. Ka je da safe a sauran ranaku, ka ce ya rufe maka takardar da leda kafin ka liƙa.