Barin Ritalin: Yankewa Lokaci Guda Ko Ragewa A Hankali?

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra ana samun ɗalibai da ma'aikatan da likita ya ɗora a kan Ritalin ko Concerta saboda matsalar rashin tattara hankali. Ran da mutum ya so bari, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, ya ajiye kwalin ya ce shi ke nan. Wanda bai wuce ƙa'idar likita ba sau da yawa yakan sha da sauƙi. Amma wanda ya daɗe yana sha, ko yake ƙara wa kansa ƙwaya, ƙwaƙwalwarsa ta saba da yawan sinadarin dopamin da maganin ke ƙarawa, sai jiki ya zube. Za ka gan shi kwance har azahar, ya tashi ya cinye wake da shinkafa na mutum biyu, ƙaramar magana ta harzuƙa shi. Kwanakin farko sun fi tsanani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne baƙin cikin, domin yakan kai wasu ga tunanin kashe kansu, iyali kuwa suna ɗauka lalaci ne.

Ta biyu, likita ya riƙa rage adadin cikin makonni. Tana cin lokaci da kuɗin mota zuwa asibitin Korle Bu ko na Pantang, ga zaman layi. Sai dai kasalar takan zo da sauƙi, kuma akwai mai lura idan tsohuwar matsalar ta dawo.

Ni dai ta biyun nake zaɓa wa ƙanena. Wanda kuma ya riga ya yanke, ya fara maganar mutuwa, a kai shi asibiti ranar, kada a jira gobe.