Gambarar New York ko ta Los Angeles: wacce za ka fara ji?

Mai son sanin waƙar gambarar Amurka, wato hip-hop, zai tarar da gida biyu. Na farko gabas ne, birnin New York, inda aka haifi abin. A unguwar Bronx, ranar 11 ga Agusta 1973, DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya kunna faifai a wani biki, yana ta maimaita gaɓar da ganguna kaɗai ke tashi don matasa su cashe. Salon gabas ya gaji wannan: kiɗa mai kauri, guntayen tsofaffin faifan jazz, da baitoci masu sarƙaƙiya. Mawaƙan New York irin su Nas ko ƙungiyar Wu-Tang Clan, sai ka kasa kunne sosai kafin ka kama zancen.

Yamma kuwa, wato Los Angeles, ba ta ɓoye-ɓoye. Ƙungiyar N.W.A daga Compton, wani gari kusa da Los Angeles, ta fito a 1988 tana caccakar 'yan sanda, har hukumar FBI ta rubuta wa kamfaninsu wasiƙar ƙorafi. Daga baya Dr. Dre, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya sassauta kiɗan, ya mayar da shi na ji a mota ana tafiya a hankali.

Gabar da ta shiga tsakani ta yi muni: an harbe Tupac a Las Vegas a 1996, sai Notorious B.I.G., gwarzon gabas, a Los Angeles a 1997. Abin mamaki, shi Tupac, gwarzon yamma, a New York aka haife shi.

Ni dai gabas zan ce ka fara, in har azancin magana kake nema.