Wata shida da akwatin sauya hoto a gidan kallona na Tawa

Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Tawa: dekoda biyu na Canal+, kwamfuta ɗaya, majigi ɗaya. Daga Yamai wani ƙanena ya aiko mini da akwatin sauya hoto mai ƙofar HDMI huɗu, na kafa shi can sama kusa da majigi. Hoto tas, ba ni da ta cewa. Wahalar ita ce sauyawa. Ranar da Real Madrid da Barcelona ke wasa lokaci guda, sai yaro ya taka benci ya danna, mutane na ihu "Malam, maida mu can!" Telekomand kuwa sai ka saita shi daidai idon akwatin, kai ɗaya ya tare, shi ke nan.

A bayan akwatin akwai hanya biyu ta sarrafa shi daga nesa. Na fara da RS-232, wato hanyar aika masa umarni daga kwamfuta ta waya, don ita ta fi kama da aikin masu ilimi. Waya uku ce kawai: mai aikawa, mai karɓa, da ta ƙasa, a kan DB9, wato kan waya mai ƙafa tara, su ne ƙafa ta 3, ta 2 da ta 5. Na haɗa da adafta ta USB, na buɗe PuTTY, manhajar rubuta umarni a kwamfuta, na sa gudun aika saƙo 9600 kamar yadda takardarsa ta ce. Shiru. Kwana biyu ina zargin akwatin, ashe ni ne na haɗa mai aikawa da mai aikawa, baki da baki, babu mai saurare. Da na musanya su sai ya amsa nan take, har yana faɗa mini ƙofar da yake kai. Wannan ya burge ni. Amma RS-232 ba a son a wuce wajen mita 15 da ita, kuma dole kwamfuta ta zauna a kunne. In kuran ya ɗauke aka tada gurup, sai ka jira ta farfaɗo alhali ana bugun fanareti.

Hanya ta biyu ce ta raba gardama, ga ta kuma kamar wasan yara. Kowace ƙofa tana da ɗan gurbinta. Ka taɓa shi da gurbin ƙasa na daƙiƙa ɗaya, hoto ya koma can. Na ja wayar intanet mai jijiya 8, na ɗauki 5, huɗu na ƙofofi ɗaya ta ƙasa, na ɗaura maɓallan ƙararrawar ƙofa huɗu a kan katako kusa da inda nake karɓar kuɗi. Kada dai ka kuskura ka sa wa gurbin nan wuta, taɓawa kawai yake so.

Abin da na ga ya rage shi ne maɓallin ba ya gaya maka komai, sai ka ɗaga kai ka dubi bango. Ƙurar hunturu kuma ta taɓa maƙale mini ɗaya, na hure shi ya saki. Wayar RS-232 tana nan a naɗe, ban cire ta ba, amma rabona da ita tun kafin azumi.