Yanke rasor ko sayen gajere: amsa ga mai son saukar da Corolla a Maradi

Wani ƙanenmu a zauren nan ya ce yana son Corollarsa ta ɗan zauna ƙasa, don ramin da ke tsakanin taya da jikin mota ya yi masa yawa a ido. Makanike ya ce masa ya kawo a yanke rasor, aikin yini guda ne. Abokinsa kuma ya ce a'a, ya yi odar gajeren rasor da kamfani ya ƙera. Wanne ya fi?

Ƙanena, ni na taɓa yankewa, don haka ba labarin kanzon kurege zan ba ka ba.

Rasor, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sifirin, sandar ƙarfe ce aka naɗe. Ƙarfinsa yana bin kaurin ƙarfen, faɗin naɗin, da yawan zagayen da ke aiki. Idan zagaye 6 ke aiki ka cire 1, tauri zai ƙaru da kashi 20 cikin 100. Masu yankewa da wannan suke kafa hujja, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da ba sa faɗa maka shi ne filin da taya ke da shi na hawa sama kafin ta daki robar tsayawa da ke kan amortiser, wato ƙarfen da ke shanye girgizar mota. A ce filin nan santimita 7 ne, ka saukar da mota da 4, saura 3. Ka zubar da fiye da rabin filin, ka samu ƙarin tauri na kashi ɗaya cikin biyar kacal. Lissafin bai tashi ba. Shi ya sa motar da aka yanke wa rasor take dukan ƙasa da zarar mutum uku sun zauna a baya, ko an jefa buhun gero biyu a but.

Gajeren rasor na kamfani, irin na Eibach ko H&R, dukansu na Jamus, an yi shi ne da wannan lissafin a kai. Yawanci yana saukar da mota tsakanin santimita 2 da rabi zuwa 4, kuma an ƙara masa tauri daidai da filin da aka rage, ga kowace irin mota da nata. Da yawansu za ka ga zagayen gefe ɗaya a matse, na ɗaya gefen a buɗe. Matsattsun nan ba ado ba ne: su ke riƙe rasor a mazauninsa idan taya ta saki ƙasa gaba ɗaya.

Nan ne yankakke ya fi ba ni tsoro. Tunda ya gajarce, idan taya ta faɗa rami ta rataya, yana iya sakin mazauninsa ya dawo a karkace. Nawa haka ya yi mini a hanyar Dan Isa, ina jin ƙwas daga baya, na tsaya na tarar ya goce yana gugar ƙarfe. Allah ya taƙaita, ba gudu nake ba. Sannan ba kowane rasor ke karɓar yanka ba. Wanda bakinsa ya tafi sak kamar sauran zagayen, ana iya yanka ya koma ya zauna. Wanda bakinsa ya tsuke kamar wutsiyar alade, ko aka daddale shi ya kwanta, in ka yanke ka kashe shi, ba inda zai zauna daidai.

Akwai wata dabara da ake yi wadda ko a kwatance ban so in sa ta: a hura wa rasor wutar walda har ya yi ja ya lotsa da kansa. Zafin yana kashe horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta. Motar za ta ci gaba da sauka bayan an gama, kowace kusurwa da nata tsayi, wata rana kuma ya karye. Ko kyauta aka ce za a yi maka, ka ce ka gode.

A kuɗi, yanka ya ci, ba gardama. Ladan makanike ne kawai. Gajeren rasor sai an yi oda, mai yiwuwa ta hannun masu kawo kaya daga Kano, kuma kasuwa cike take da na jabu da aka fesa wa jan fenti aka buga suna. Na gaskiya yana da lamba a jikin ƙarfen, ka duba ta yi daidai da ƙirar motarka da shekararta. Sai dai kada ka ɗauka da ka saya ka huta. Amortiser ɗin asali an yi shi ne ya yi aiki a tsakiyar tafiyarsa. In ka saukar da mota, kullum a danne yake. Idan dama ya tsufa, kamar na yawancin motocin da ke iso mana bayan sun gama gajiya a Turai, zai fara zubar da mai da wuri, da yankakke da na kamfani duka. Bambancin shi ne na kamfani ba ya sa shi dukan ƙarshe kowane lokaci. Masu hali suna haɗawa da gajeren amortiser irin Bilstein B8.

Saitin tayu kuwa dole ne a hanya biyun. Mota in ta sauka, kan tayun gaba yana ɗan kwantawa ciki, bakinsu ma ya sauya. Ka ƙi yin saiti, cikin taya zai cinye alhali wajenta sabo fil.

Wani zai ce ina batun mai zare, wanda amortiser da rasor ke haɗe ana murɗa zobe a ɗaga ko a sauke, irin na Tein ko KW? Yana da kyau, yana da tsada, amma ka tuna ƙurar hunturunmu. Zaren nan in ba a wanke shi ana shafa masa mai ba, sai ya ƙame, ka biya kuɗin abin da ba ya murɗuwa. Masu Mercedes 190 su ne suka huta: akwai roba a kan rasor mai kauri iri-iri, daga milimita 8 zuwa 23 a gaba, sauya ta kaɗai yana ɗan saukar da mota ba a taɓa ƙarfe ba. Corolla ba ta da wannan gatan.

To amma duk wannan, a wace hanya za ka bi? Irin waɗannan motoci tsakaninsu da ƙasa bai wuce santimita 15 ko kusa da haka ba. In zirga-zirgarka a kan kwalta ce, babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram da manyan titunan cikin gari, santimita 3 ba za su dame ka sosai ba, sai dai ka koyi hawa tudun rage gudu a karkace. In kuwa gidanku na cikin lungun yashi ne, inda tayu suka haƙa rami biyu tsakiya ta yi tozo, ko kana zuwa ƙauyukan Madarunfa da Dakoro, cikin motar zai riƙa kwanciya a kan yashi tayu na juyawa a banza. Ga watan Agusta, lokacin da ruwa ke zaizaye lunguna yana gangarawa Gulbi ya bar duwatsu a waje. Abin da ke fara dukan dutse shi ne kaskon baƙin mai da salansa, kaskon nan kuwa in ya fashe ba ka lura ba, inji ne ya tafi.

Ni dai in tawa ce: na kamfani, kada ya wuce santimita 3, bayan na tabbatar amortiser huɗun suna da rai, a yi saiti in rasor ya zauna bayan ƴan kwanaki. In kuɗin bai kai ba, in bar ta yadda take har su kai. Ka tsaya a kansu ranar aikin, ka ga sun sa ƙarfen matse rasor kafin su kwance goron sama, don rasor a danne in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko muƙamuƙi. Na asalin kuma ka ɗaure su da waya ka kai gida, kada ka bar su a gareji. Ranar da za ka sayar da motar, mai saye a Maradi ƙasanta zai fara leƙawa.