Yamaha PSR-E373 ko Casio CT-S300: wanne ya dace da fiyanon farko?

Ɗan'uwa, tsakanin Yamaha PSR-E373 da Casio CT-S300 da ka ambata, ka ɗauki Yamahan. Shi ne a ɗakina yau shekara uku ke nan, ban taɓa cewa da na sani ba.

Da-na-sanin tun kafin shi na yi. Fiyanona na farko wani marar asali ne mai madannai 54, an haɗo shi da ɗan makirfo a kwali, ga fitilu suna ta walƙiya. Araha ce ta ja ni, ashe gaskiyar masu magana ne, ba ta ado. Aibinsa babba shi ne, ko shafa madannin ka yi ko dukansa, ƙara ɗaya za ka ji. Wata shida ina fama da shi ina ganin na fara iyawa. Ranar da na zauna gaban fiyanon malamina ya ce in kaɗa a hankali, sai na tarar yatsuna ba su san wani abu wai shi a hankali ba. Duka kawai suka koya. Gyaran wannan hannun ya ci mini lokaci fiye da koyon farkon.

Shi ya sa daren da na kawo E373 ban kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Na sa abin ji a kunne, na kama madanni guda, in taɓa shi kamar mai tsoron tada jariri ya amsa can ƙasa-ƙasa, in danna da ƙarfi ya buɗe murya. Haka na yi ta yi kamar ƙaramin yaro har dare ya raba. Wannan jin nauyin yatsa, wanda suke rubutawa Touch Response a jikin kwali, shi ne abin da za ka biya kuɗinsa. Sauran duk kwalliya ce.

Madannansa 61 ne, wato hawa biyar na do-re-mi, sun ishi hannu biyu su yi aiki ba tare da ka faɗa bakin katako ba. Yana da muryoyin kayan kiɗa 622 da kiɗan rakiya 205, amma kada lambar ta ruɗe ka, ni dai waɗanda nake amfani da su ba su kai goma ba. Abubuwan da suka yi mini rana ƙanana ne. Akwai maɓallin Portable Grand: duk inda ka yi ta latse-latse ka ɓata, danna shi sau ɗaya ka dawo muryar fiyano zalla. Sabon shiga ne kawai ya san daɗin wannan. Akwai kuma tsarin Duo da ke raba madannan gida biyu masu murya iri ɗaya, malami ya zauna a gefe guda kai a ɗayan, kana kallon hannunsa kana kwaikwayo. Sannan wayar USB ɗinsa tana kai sautin kansa cikin kwamfuta, ka naɗi abin da ka kaɗa ba sai ka sayi wata na'ura ba. Sifikunsa dai na ɗaki ne, kada ka sa ran su cika zauren taro.

Casio kuwa, to, ba zan yi masa sharri ba. Shi ma madannai 61 ne masu jin nauyin yatsa, muryoyi 400, kiɗan rakiya 77, kuma dukansu biyun suna iya fitar da sauti 48 a lokaci guda, suna kuma aiki da batir shida. Ya fi sauƙin ɗauka, kilo 3.3 ne inda Yamahan ke da 4.6, har da mariƙi a jikinsa, ga ɗan gargare na lanƙwasa murya wanda E373 ba shi da shi. In yawo za ka riƙa yi da shi a hannu, ba laifi. Ni dai na taɓa shi, muryar fiyanonsa ba ta shige ni ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, domin a wurin saye ake yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa. Kowanne cikin biyun nan yana da ƙane mai kama da shi sak: PSR-E273 a gidan Yamaha, CT-S200 a gidan Casio. Ƙannen nan dukansu ba sa jin nauyin yatsa. Mai sayarwa marar tsoron Allah zai miƙo maka ƙanen ya ce ai duk abu ɗaya ne, lamba ce kawai ta bambanta. Ba ɗaya ba ne. Ka danna a hankali, ka danna da ƙarfi, ka saurara da kunnenka. In ya ce maka kashe shi aka yi a saiti, ka ce ya kunna a gabanka. In ya fara kame-kame, kama hanyarka.

Ka kuma kifa fiyanon ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, lambar samfurin ta zo daidai da ta kwali da ta gaban allon. Akwai na jabu da ake sauya wa harafi ɗaya a suna, in ba ka zura ido ba sai ka kai gida. Wanda aka yi amfani da shi kuwa, ka bi madannan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, kada kunya ta hana ka ko da mai shagon yana tsaki. Ka buɗe gidan batir ka duba ko ruwan batir ya ci ƙarfen. Adafta ma ka tambaya tun kafin ku gama ciniki ko yana ciki, domin wasu sai ka biya su ce shi daban ake saye. Na Yamahan bolt 12 ne, na Casion 9.5, kada a cusa maka wanda aka tsinto a kwandon wayoyi.

In ka je ba ka sami E373 ba, ka tambayi PSR-E383, shi ne ya gaje shi a 2024, kusan hannu ɗaya ne. In kuma burinka ka zama makaɗin fiyano na sosai mai karatu daga takarda, wannan magana ce daban, madannai 88 masu nauyi irin na Yamaha P-45 za ka tara wa kuɗi. Canjin da ya rage maka kuwa, ka sayi fedar jan sauti, wato abin takawa da ƙafa, da tsayayyen abin ɗorawa. Fiyanona wata biyu ya yi a kan katifa, bayana ne ya biya bashin.