Wasiƙa daga Hamburg: batun SSD ɗin da ka tambaya

Ƙanena, sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, kai da su Umma. Na ga saƙonka cewa laftof ɗinka tana ɗaukar lokacin da za ka yi alwala ka dawo kafin ta gama buɗewa, kuma kana so in sayo maka SSD, wato faifan ajiyar bayanan kwamfuta da ya fi tsohon faifai sauri, a nan Jamus in ba mai zuwa gida. Bari in fara ba ka labarin nawa sayen, sai ka yanke shawara.

Ka san tsohuwar laftof ɗina, ThinkPad T430, da na taho da ita. Da na tashi canja mata faifai, sai na shiga shafin Geizhals, inda ake jera farashin kaya ɗaya daga shaguna da yawa, daga mai araha zuwa mai tsada. Idona ya faɗa kan lambobin gudu. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, SSD mai tsohon mahaɗi da ake kira SATA yana kai wajen 550, shi kuwa sabon nau'in da ake kira NVMe ana rubuta masa 3,500, wasu har 7,000. Ban yi wata-wata ba na danna NVMe. Bayan kwana biyu ya iso, ɗan siriri kamar cingam. Na kwance bayan kwamfutar, na duba gabas na duba yamma, babu ramin da zai shiga. Tawa mai inci 2.5 take ɗauka, irin na SATA.

A nan ne na ga abin da ya bambanta kasuwar nan da tamu. Doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar, ba sai ya faɗi dalili ba. Na mayar da shi kwalinsa, na kai gidan waya, kuɗina suka dawo asusuna. Ba wanda ya ce in kawo shaida, ba wanda ya rantse cewa lafiya lau ya ba ni. Bayan wannan kuma mai shago yana da alhakin kayan da ya sayar har shekara 2 idan aibin daga asali yake. Ciniki dai babu shi. Abin da aka rubuta shi za ka biya, da harajin kashi 19 cikin 100 a ciki, ran Lahadi kuma shaguna a rufe suke.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi. Na leƙa wani shagon gyara don a saka mini, kuɗin aikin da suka yanka ya kusa kamo kuɗin faifan, kuma sai in bar musu kwamfutar in dawo wata rana. Na tuna yaran Beirut Road a Kano da za su kwance maka ita kana tsaye kana shan ruwan leda, su ɗora maka Windows, ka ba su na abinci. Ƙarshe sukundireba na saya na yi da kaina.

Na biyun da na ɗauka Samsung 870 EVO ne mai giga 500, garantinsa shekara 5. Windows zai nuna maka 465, kada ka ce an cuce ka, bambancin lissafi ne. Yanzu kafin in zauna sosai kwamfutar ta buɗe, ƙarar nan ta cir-cir ta ɓace, kuma tun da babu abin da ke juyawa a ciki, girgizar Adaidaita Sahu ba za ta dame shi ba. Ni dai ba na ba da shawarar mai giga 128, Windows da 'yan manhajoji kawai za su cinye shi.

To ga abin da nake gani. Kayan iri ɗaya ne, daga Asiya ake kawo mana, daga can ake kawo muku. Garantin da zan biya a nan kuwa ba zai amfane ka a Kano ba, domin in ya lalace sai ka nemi mai dawo da shi Hamburg da rasit. Gara ka saya a gida wurin wanda ka san shagonsa, amma ka tafi da kwamfutar a saka a gabanka. Ka sa a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki, don ana goge tsoho a sa shi a sabon kwali. Idan sunan kamfanin baƙo ne ko arahar ta yi yawa, ka gwada shi da H2testw, wata 'yar manhaja da ta fito daga mujallar c't ta nan Jamus. Cika faifan take yi ta karanta, sai ta tona wanda aka rubuta wa tera 1 alhali cikinsa bai kai haka ba.

Tsohon faifanka kuma kada ka bar wa mai gyara. Ka saya masa 'yar kwasfa mai USB ka riƙa ajiye kwafin aikin makarantarka, domin SSD in zai mutu sau da yawa ba ya gargaɗi.

Kafin komai, ka juya laftof ɗin ka ɗauko mini hoton takardar da ke ƙasanta, in ga lambarta in gaya maka ramin da take da shi. Ka gaida Umma, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.