Daijesta a gidanmu na Nima: wari ya tafi, saura batun ruwan da ke fita

Duk mai gidan haya a unguwar Nima ta birnin Akra ya san ciwon kan bayan gida. Ko dai 'yan haya su riƙa bin layi a masan kuɗi tun asuba da buta a hannu, ko a haƙa shadda a zauna jiran ranar cikarta, a shiga neman motar kwasa wadda ba ta iya shiga lungu sai an jona tiyo a kan tiyo. Namu gidan na gado ne, ni nake kula da shi tun rasuwar mahaifinmu. Da shaddarmu ta fara tsagewa, sai na sa aka yi mana irin masan nan da mutanen Akra ke kira daijesta. Ya ga rani ya ga damina, don haka ina da abin faɗa a kansa.

Akwati ne na kankare, tsawonsa bai wuce na gadon mutum ɗaya ba, ana ajiye shi a bayan ban ɗaki. A ciki akwai wani faifan kankare mai ƙofofi, an shimfiɗa masa raga da zaren ɓawon kwakwa. In aka kora ruwa, bahaya ta tsaya a sama, ruwan ya tsiyaye ƙasa nan take. Abin da ya tsaya, ƙwayoyin halitta masu son iska ne ke cinye shi, wasu masu haɗawa har tana suke zubawa. Shi ya sa ba ya cika da wuri, kuma ba ya ɗoyi irin na shadda, inda komai ke jiƙe cikin ruwa yana ruɓa. Ya yaɗu a unguwanninmu ne da shirin tsafta na GAMA, wato na Akra da kewayenta, wanda Bankin Duniya ya zuba wa dala miliyan 150, ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin gina masai a gida. Ni dai nawa da kuɗina na yi, wajen wani magini mai zaman kansa.

Ta fuskar abin da na saye shi dominsa, ban da ƙorafi. A yini guda aka girka akwatin. Tsakar gida ta daina wari, ƙudaje sun ragu, mata sun huta da fita da dare, tsofaffi sun huta da tsugunno. Motar kwasa kuwa mun manta da lambarta. Sai dai yana da dokoki, kuma a gidan taro kiyaye doka aiki ne. Ba a jefa masa kunzugun yara ko audugar mata ko leda. Ba a ɗura masa ruwan wanki da na wanka. Ba a kwarara masa sinadarin wanke masai mai ƙarfi, don yana kashe halittun da ke yin aikin. Ruwan tsarki bai dame shi ba, na faɗi haka ne saboda ita ce tambayar farko da duk Musulmin da ya zo dubawa yake yi mini.

Inda muka yi ta ja da maginin shi ne bututun fita. Yana gama ɗora murfi sai na ga yaronsa yana jan bututu zuwa kwatar ƙofar gida. Na ce ina za a kai wannan? Ya ce, "Alhaji, ai ruwan ya riga ya tace, garau yake fita, kowa kwata yake sakarwa." Ya yi gaskiya a abu ɗaya, ruwan ba shi da kauri, kuma warinsa kaɗan ne. Amma ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Ruwan da ya ratsa bahaya ya fito ta ragar kwakwa yana nan ɗauke da ƙwayoyin hanji irin su E. coli, kuma abin da ke ƙarasa tace shi ƙasa ce, in an bar shi ya nutse sannu a hankali cikin rami mai tsakuwa da yashi, wato sokawe. Magina da yawa suna gudun ramin ne don yana cin fili, yana cin kuɗi, a wasu sassan Nima kuma ƙasar tauri gare ta. Mai gida ma yakan yi murna an rage masa farashi.

Na ƙi ne don na san hanyar kwatarmu kamar yadda na san hanyar masallaci. Tana faɗawa babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Mamobi, ta gangara ta haɗu da kogin Odaw wajen Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, Odaw ya zuba a tafkin Korle, Korle ya buɗe baki a teku dab da Jamestown, inda masunta ke sauke kifin da matanmu ke sayowa. Da rani ƙazantar kwanciya take yi a kwata. Ruwan Yuni na sauka sai ya kwashe ta gaba ɗaya ya kai bakin ruwa, abin da bai kai ba kuma ya mayar da shi ɗakunan mutanen da ke gangare. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ba sai an ba shi labari ba. Shekarar da ta gabace ta, 2014, amai da gudawa ya kama sama da mutum 28,000 a Ghana, fiye da 200 suka rasu, kuma yankin Akra ne ya fi jin jiki. Shekara da shekaru motocin kwasa suna juye bahaya ɗanya cikin teku a wani wuri a gaɓar Akra da ake kira Lavender Hill, sai a ƙarshen 2016 aka buɗe masana'antar tace ta a wurin. To in an toshe waccan babbar kafa, mu kuma kowane gida ya buɗe ƙarama ta kwata, me aka yi ke nan?

Na ƙara kuɗi aka haƙa sokawe a gefen madafa, muka rasa wurin shanya. Hajiya, yayata, har yau tana yi mini gori a kan igiyar shanyarta. Ramin yana aiki, amma ba zan yabe shi fiye da kima ba: in aka jera kwanaki ana ruwa ƙasa ta ƙoshi, shanyewarsa takan yi nauyi, sai mun rage kora ruwa. Abin da ya taimaka shi ne ɗaga bakin akwatin sama da daɓen tsakar gida, da karkatar da indararo don ruwan rufi kada ya bi ta kansa.

Wanda gidansa ke fadama, inda ana haƙa kaɗan ruwa ya ɓullo, kamar unguwannin da ke bakin Korle, ban ba shi shawarar wannan masai ba sai an haɗa masa da ƙarin matatar yashi a saman ƙasa. Mai rijiya a gida shi ma ya yi hattara, tazarar da aka saba bayarwa tsakanin rijiya da ramin ƙazanta kusan mita 30 ce, gidajenmu kuwa kaɗan ne ke da ita. Sauran jama'a, kafin ku ba da kafin alƙalami, ku sa magini ya faɗi adadin mutanen da akwatin zai ɗauka, ya haƙa ɗan rami ya zuba ruwa ku ga saurin shanyewarsa, sannan kuɗin sokawe ya fito a rubuce cikin lissafi.